Gatari, Gizago da Dutsen Washi: Kalmomin Kayan Sassaƙa da Yadda Ake Kula da Su

Ɗalibin da aka tura ya tattaro kalmomin wata sana'a yakan fita da tambaya ɗaya a bakinsa: "Mene ne sunan wannan?" Masassaƙi ya faɗa, shi ya rubuta, ya ɗora fassarar Faransanci a gefe, ya komo da shafi biyu na sunaye yana ganin aiki ya kammala. In aka duba irin waɗannan takardu, sau da yawa za a tarar an fassara gizago da "wani irin gatari", an kuma ba wasawa da koɗawa ma'ana guda. Duka biyun kuskure ne, kuma ba a gane haka sai an zauna kusa da masassaƙi an ga abin da yake yi da kayansa kafin ya fara aiki da bayan ya tashi. Sunan kayan aiki rabin bayani ne. Sauran rabin yana cikin kalmomin da ake ambaton sassansa da su, da aikatau da ke nuna yadda yake ci, da yadda yake lalacewa, da yadda ake maido shi.

Akwai dalilin hanzarta wannan aiki. Kwanon roba da na ƙarfe sun kusa korar akushi daga gidajen birni, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, manyan itatuwa irin su ƙirya sun yi nisa da garuruwa, sannan dokar gandun daji ta Nijar ta shekarar 2004 ta sa saran ice ya zama abin neman izini. Kayan aikin da aka daina ɗauka, sunansa yakan daɗe a bakin tsofaffi, amma ƙananan kalmomin da ke kewaye da shi su ne ke fara ɓacewa, su ne kuma ƙamus ya fi ƙarancinsu.

Gatari da gizago

Kayan masassaƙin gargajiya ba su da yawa, kuma biyu ne ginshiƙansu. Gatari shi ne na daji: da shi ake kayar da ice, a datse gungume gwargwadon tsawon abin da ake so, a sare masa manyan ƙulle-ƙulle. Gizago shi ne na zaman aiki, wanda ke fitar da siffa. Bambancinsu ba na girma ba ne, na kwanciyar baki ne. Bakin gatari yana bin tsawon ƙota, shi ya sa yake shiga ice ya raba shi. Bakin gizago ya gitta ƙota kamar na fartanya, shi ya sa yake ɗebe ice falle-falle daga sama, mai aiki yana jawo sara zuwa wajen kansa. Duk ma'anar da ba ta ambaci wannan gittawa ba, ba ta raba gizago da gatari ba. Masassaƙi ɗaya yakan ajiye gizago fiye da ɗaya: mai faɗin baki don daidaita bayan turmi ko fuskar allo, da mai siririn baki lanƙwasasshe, sau da yawa mai doguwar ƙota, don rarake ciki inda hannu ba ya kaiwa. Bayan waɗannan sai wuƙa ta ƙarasa aiki da zane, da magagari na goge kaushi, da mahuji na huda, wanda akan sa a wuta ya yi ja kafin a dasa shi a ice. Zarto da guduma da ƙusa sun fi zama a hannun kafinta mai aikin katako, irin waɗanda suka cika kasuwar Katako ta Yamai, kuma sana'arsa dabam ce: kafinta yana harhaɗa gutsattsari ne, masassaƙi kuwa yana cire abin da ba ya so daga gungume guda har abin da yake so ya rage.

Kowane daga cikin manyan kayan nan biyu ne a haɗe: ruwa da ƙota. Kalmar ruwa a nan tana nufin ƙarfen kansa, kamar yadda ake cewa ruwan fartanya ko ruwan wuƙa, kuma ɗalibin da bai san wannan ma'ana ba zai iya jin "ruwan ya fita" ya rubuta abin da ba shi ba. Ruwan yana da baki, wato gefen da ke ci, yana da tsini a baya wanda ake cusawa cikin ƙullin kan ƙota. Abin lura shi ne yadda Hausa ta ɗauki jikin mutum ta shimfiɗa a kan kayan aiki. Gatari yana da baki, bakin yana ci, in ya karo da dutse sai ya yi giɓi kamar mai faɗuwar haƙori. Ƙota tana da kai da gindi. Zarto yana da haƙora. Wannan ba ado ba ne na magana, domin babu wasu kalmomin da masassaƙi ke da su ban da waɗannan. Su ne sunayen na asali a sana'ar.

Sunaye masu ɗafa-goshin ma-

Ta fuskar ƙirar kalma, sunayen kayan sassaƙa sun rabu gida biyu. Akwai waɗanda ba a iya fasa su a Hausar yau: gatari, gizago, wuƙa, ƙota. Akwai kuma waɗanda aka tsiro da su daga aikatau ta hanyar ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i: magagari, mahuji, mawashi, makankari, makoɗi. Rukuni na biyu shi ne ya fi ba ɗalibin nahawu abin nazari, domin ma- ɗin nan aiki uku yake yi, kuma karin sauti ne ke rarrabe su. Sunan mai aiki yana da karin sama a gaɓar farko da ta ƙarshe, ƙasa a tsakiya: masàssàƙii, maƙèerii, jam'insu masàssàƙaa, maƙèeraa. Sunan kayan aiki duk gaɓoɓinsa sama ne, kamar mawaashii da mabuuɗii, jam'insa kuma yana ƙarewa da -ai da karin ƙasa kafin gaɓar ƙarshe, kamar màbùuɗai. Sunan wuri shi ma duk sama ne, yawanci da -a a ƙarshe: maƙeeraa, majeemaa. Saboda rubutun yau da kullum ba ya nuna kari ko tsawon wasali, jimlar "ya kai gatari maƙera" tana nufin wurin ƙira, amma "maƙera sun karɓi gatari" tana nufin mutanen, alhali kalmar a rubuce ɗaya ce. Paul Newman ya yi wa wannan tsari cikakken bayani a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000.

Ƙa'idar ta yarda a ƙera masassaƙii, duk sama, da ma'anar abin da ake sassaƙa da shi. Sai dai gizago ya riga ya tare wurin, don haka ba a cika bukatar sabuwar kalmar ba.  Da alama ma- yana shiga ne inda babu tsohon suna, kuma wannan abu ne da masu ƙirƙiro kalmomin koyarwa a makarantun da ake karatu da harsunan gida ya kamata su riƙe: kafin a ƙera wa wani abu suna, a tambayi masu sana'ar ko suna da nasu.

Kalmomi biyu a cikin jerin suna nuna ganɗantawa a fili. Daga wasa aka sami washi da mawashi, daga huda aka sami huji da mahuji: /s/ ta koma /sh/, /d/ ta koma /j/, saboda wasalin gaba da ya biyo su. Makoɗi kuwa bai sauya ba, domin /ɗ/ ba ta ganɗantuwa. Ana iya ganin dokar ta baya a cikin abin da aka sassaƙa: akushi, jam'insa akusa, inda /s/ ta asali ta dawo da zarar wasalin gaba ya kau. Haka ma dakushe da dakusar.

Ita kanta kalmar sassaƙa tana da siffar ninki irin na sassara da daddatsa. Bambancin shi ne sassara tana da sara a bayanta, daddatsa tana da datsa, amma babu wani gajeren aikatau a Hausar yau mai ma'anar sara ice sau ɗaya da za a ce daga shi sassaƙa ta fito. Saƙa ta masaƙi ba ta cikin lissafi, wasalinta dogo ne, ma'anarta dabam. Ninkin ya daskare ke nan, kamar na sassabe da kankare. Ba mamaki a sami irinsa a nan, tun da aikin bugu ne ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaruruwa, kafin turmi ya fito.

Wasa da koɗa

A nan ne kula da kayan aiki da nazarin ma'ana suka haɗu sosai. Baki ba hanya ɗaya yake lalacewa ba, kuma Hausa ta bambanta hanyoyin. In ya daina ci saboda yawan aiki, ya dakushe. In wani yanki ya ɓalle, ya yi giɓi. In ya naɗe gefe guda, ya lanƙwashe. Na farko gajiya ce ta yau da kullum. Na biyu da na uku kuwa sukan tona yadda aka yi ƙirar: ƙarfen da maƙeri ya tsoma a ruwa ya yi tauri fiye da kima shi ne ke ɓallewa in ya haɗu da ƙulli, wanda bai sami isasshen tauri ba shi ne ke lanƙwashewa. Maƙeran dā daga tama suke fitar da ƙarfensu. Na yau sun fi neman tsohon ƙarfen mota, musamman faffaɗan nan mai tauri da ke ɗauke da nauyinta a kan ƙafafu, domin yana karɓar wuta yana kuma riƙe kaifi.

Maganin dakushewa shi ne washi, kuma masassaƙi da kansa yake yi. Yakan jiƙa dutsen washi da ruwa, ya kwantar da bakin a kai bisa karkatar da maƙeri ya ba shi, ya dinga gogawa ba tare da ya ɗaga ko ya sunkuyar da hannu ba. Ruwan yana kwashe garin ƙarfe da na dutse don kada su toshe fuskar dutsen. Idan washi ya kai, wani siririn zare na ƙarfe yakan taso a ɗaya gefen, wanda yatsa ke ji ko ido bai gani ba; sai a juya a shafe shi da sauƙi. Wanda ya bar zaren nan zai ga kamar ya sami kaifi, amma sara biyu ko uku sai ya karye ya bar baki a dakushe. Yaron da ke koyo yakan yi ɗaya daga kurakurai biyu: ko ya miƙar da ƙarfen don ya gama da wuri, bakin ya yi kauri ya riƙa tsalle a kan ice, ko ya kwantar da shi ƙwarai, bakin ya yi siriri ya kasa jure ƙirya. Wannan ne ya sa gizagon da ke aikin ice mai taushi kamar danya, wadda ake akushi da ita, ba lalle ne a wasa shi daidai da wanda zai shiga ƙirya ko tsamiya ba. Ana gwada kaifi a farce ko a ɗan guntun ice: baki mai kyau yana kamawa, dakusasshe yana zamewa. Masu sana'ar sun san dakusasshen gizago ya fi mai kaifi haɗari, domin shi ne ke goce wa ice ya sami ƙafar da ta danne gungumen.

A birane yanzu akan kai kaya wurin mai injin washi. Yana da sauri, amma yana da illa da ba kowa ke lura da ita ba. Dutsen injin yana zafafa bakin, kuma da zarar ƙarfen ya sauya launi ya yi shuɗi-shuɗi, taurin da maƙeri ya sa masa ya tafi a wannan wuri. Kaifin zai fito, amma ba zai kai yamma ba.

Koɗa aikin maƙeri ne. Duk washi yana cin ƙarfe, saboda haka bayan watanni bakin yakan ja baya zuwa inda ruwan ya yi kauri, har dutse ya kasa fitar da shi. Ko kuma giɓin ya yi zurfin da goga ba za ta share ba. Sai a cire ruwan daga ƙota, a sa shi a wuta, a buge shi a kan uwar maƙera har bakin ya sake baje, a maido masa da tauri, sannan a wasa. Washi yana rage ƙarfe, koɗa tana sake shimfiɗa wanda ya rage. Wannan aikatau ɗin ne kuma ake amfani da shi ga dutsen niƙa da ya yi santsi, a dinga sassara fuskarsa da makoɗi har ya sake kama hatsi. Abin da ya haɗa ma'anonin biyu shi ne bugu da ke maido wa abu cinsa.

Abin sha'awa shi ne dukan aikatau biyun sun fita daga maƙera sun shiga fagen yabo. Maroƙi yana wasa sarki, ɗan dambe yana wasa kansa kafin ya shiga fage, ana kuma cewa wane ya cika koɗa kansa. Hoton da ke ƙarƙashi ɗaya ne: kirari yana yi wa mutum abin da dutse da guduma ke yi wa ƙarfe, yana tayar masa da kaifi. Amma ba su zama daidai ba ko a nan. Wasa tana iya zama yabo na hakika wanda aka saba da shi, koɗa kuwa ta fi karkata ga yabon da ya wuce gona da iri. Daga wannan rumbu ne harshen ya ɗebo kaifin basira, da kaifin harshe, da ƙwaƙwalwar da ta dakushe, da mutum kaifi ɗaya wanda ba ya magana biyu. Wasa ƙwaƙwalwa ma daga nan take. Aikatau ne, waasà, sama da ƙasa, ba wàasaa na yara ba, ko da yake rubutu ya haɗe su har wasu suna ƙara -n suna cewa wasan ƙwaƙwalwa, ma'anar ta koma wata.

Ƙota da yanayi

Ƙota ita ce abin da masassaƙi ke yi wa kansa da sauran masu sana'a, manomi da maƙeri duka. Ana neman ice mai tauri da ba ya saurin tsagewa, irin su aduwa da marke da magarya, a zaɓi reshen da ke da ƙulli ko gwiwa a kai, domin a nan zaren icen ya cuɗe, ba ya rabuwa in tsinin ƙarfe ya matsa shi. Akan zafafa tsinin a ƙona masa hanya, don ramin ya yi daidai da shi. Ƙotar da aka yi da ɗanyen ice takan yaudari mai ita: ranar farko ta kama gam, bayan ta bushe ramin ya saki.

Shekara tana kawo wa kayan cuta iri biyu. Da hunturu da bazara ice yana ƙanƙancewa, ruwan gatari ya fara girgiɗi, wani lokaci ya fice a tsakiyar sara. Dabarar da aka fi sani ita ce a jiƙa kan ƙotar ya kumbura. Tana aiki na yini ɗaya, amma in aka mayar da ita al'ada, kumburi da bushewa suna murƙushe zaren icen da ke kewaye da ramin, sakin ya fi na dā, tsinin kuma ya yi tsatsa a ɓoye. Gara a sake dasa ruwan da kyau ko a sauya ƙota. Da damina kuwa tsatsa ce abokiyar gaba, tare da gara da ke bin duk ƙotar da aka jingine a ƙasa. Ruwan ɗanyen ice ma yana ɓata ƙarfe in aka bar shi ya kwana a kai. Saboda haka ake goge baki bayan aiki, a shafa masa ɗan mai, na gyaɗa ko na kaɗe ko baƙin mai, a rataye kayan ko a sa su a buhu ba tare da baki yana gugar baki ba. Yashi kuma, wanda ba a rasa shi a ƙasar nan, yana maƙalewa a ɓawon gungumen da aka ja a ƙasa, ya ci kaifi fiye da icen kansa. Shi ya sa gwani ke fara ɓare ɓawon da gatari kafin ya kawo gizagonsa mai kyau.

Rubuta abin da aka ji

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana kalmomin sana'a masu yawa, Bargery ma yakan nuna garin da aka ji kalma. Duk da haka a Nijeriya aka yi yawancin aikinsu, kuma ko littafin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar bai rufe ƙofar tattara kalmomin masu sana'a na Tawa da Maraɗi da Damagaram ba. Ɗalibin da ya je wurin masassaƙi a Gobir ko Katsinar Maraɗi zai ji icce inda daidaitacciyar Hausa ke da itace, ya ji kaihi a madadin kaifi, hwaskare a madadin faskare. Zai kuma ji mahaɗin tamata ya nashe cikin baƙin da ke biye, ƙotag gatari maimakon ƙotar gatari. Jarabar da ke kama mai rubutu ita ce ya gyara waɗannan tun a wurin, ya mayar da su siffar da ya koya a aji. In ya yi haka ya zubar da abin da ya je nema. Wurin daidaitawa shi ne shafi na biyu. Na farko na abin da kunne ya ji ne, da karinsa da tsawon wasalinsa, da sunan garin, da jimlar da kalmar ta fito a ciki.

Jimlar ta fi muhimmanci ga aikatau, domin ajinsa ba ya bayyana sai a cikinta. "Ya sari icce" da "ya sare icce" da "ya saro icce" ba abu ɗaya suke faɗa ba: na farko sara ne ya sami icen, na biyu an kayar da shi gaba ɗaya, na uku an je an kawo. Haka "gizago ya dakushe" yana ba da labarin abin da ya faru ne kawai, "yaro ya dakusar da gizago" kuwa ya nuna mai laifi. Irin waɗannan ba sa fitowa in an tambaye su kai tsaye. Suna fitowa ne da sassafe lokacin da ake jiƙa dutse, ko sa'ad da mai gida ya ɗauki gizagonsa ya tarar wani ya taɓa shi.